Sashen Natsuwa

Verna Castille ta sake duba kwamfutar, ko da yake ta san abin da za ta gani. Shekararta ashirin da uku tana aikin gandiroba a wannan kurkuku da ke tsakiyar gonakin rake na jihar Louisiana. Yau Asabar, ita ce a teburin masu ziyara.

"Lucius Fontenot," tsohuwar da ke gabanta ta maimaita. "Ɗana ne. Ni ce Eulalie, uwarsa. Awa huɗu na yi a bas."

"Ba zai samu fitowa yau ba, Mama."

"Haka aka ce mini wancan watan. Ba shi da lafiya ne?"

A gefen kwamfutar akwai wani kati da kamfanin da ya karɓi gidan ya liƙa a kowane tebur. Ba a cewa fursuna, sai mazauni. Ba a cewa kurkuku, sai cibiya. Har sarƙar ƙafa an raɗa mata suna, wai kayan daidaita tafiya. Wanda bakinsa ya suɓuce sau uku ya sha takardar gargaɗi, a na huɗu ya ajiye kaki.

"Yana Sashen Natsuwa," in ji Verna.

"Natsuwa? Irin ta coci?"

Kafin ta amsa, sai ga Mista Pruitt, mataimakin darakta, da kofin kofi a hannu da murmushin nan nasa na tallar man goge baki. Bai kai shekara talatin da biyar ba, kuma bai taɓa rufe ƙofa a kan ɗan Adam da hannunsa ba. Bara da alƙali ya hana gidan ajiye mutum a ɗakin kaɗaici fiye da kwana goma sha biyar, shi ne ya warware matsalar cikin wuni guda: ya kira mai fenti, aka sauya allon da ke bakin ƙofa, wurin ya koma Sashen Natsuwa.

"Madam Fontenot, ki kwantar da hankalinki," ya ce. "Ɗanki na cikin wani shiri na musamman. Ɗaki nasa shi kaɗai, ba hayaniya, ba mai damunsa."

"An kulle shi ke nan?"

"Haba, mu nan ba ma kulle kowa. Rage masa zirga-zirga muka yi."

"To yaushe zai fito?"

"Idan ya kammala shirin."

"Yaushe ke nan?"

"Wannan kuma yana hannunsa."

Tsohuwar ta yi ajiyar zuciya, ta gyara hular cocinta. "Lauyarsa ta ce in har suka kai shi ɗakin kaɗaici in buga mata nan take. Tunda ba haka ba ne, na gode wa Ubangiji. Dama Lucius tun yana ƙarami ba ya son surutu. Na gode, ranka ya daɗe. Allah ya yi maka albarka."

Ta kama hannunsa da hannu biyu. Ya bari ta kama.

Da ta fita, ya juyo ga Verna. "Kin gani? Magana mai daɗi ba ta cutar da kowa." Ya wuce ofis yana kurɓar kofinsa.

Otis, abokin aikinta mai gadin ƙofa, ya yi tsaki. "Ni ma matata ta sa ni a Sashen Natsuwa tun Talata. A kan kujera nake kwana, an rage mini zirga-zirga zuwa kicin."

"Rufe mini baki, Otis."

"Ba a cewa rufe baki, Verna. Cewa ake a huta da magana."

Ba ta yi dariya ba. Ƙarfe sha biyu ta buɗe kwanon abincinta, shinkafa da jan wake, ta zuba masa ido. Saura mata shekara biyu ta yi ritaya da cikakken fansho. Ta taɓa ganin an kori mutum a kan abin da bai kai wannan ba. Ta rufe kwanon, ta ce wa Otis za ta sha iska.

Tashar bas ɗin tana daura da babbar ƙofa, benci ɗaya ba rumfa. Madam Fontenot na zaune cikin rana tana fifita da takardar ziyarar da ba ta yi mata amfani ba. Verna ta tsaya a gabanta, ta juya wa kyamarar ƙofa baya, sannan ta ga ba amfani, ta zauna kusa da tsohuwar.

"Mama, ɗakin da ɗanki yake ciki taku uku ne a tsawo, biyu a faɗi. Babu taga. Fitila ba ta mutuwa. Ta wata kafa ake tura masa abinci. Awa ashirin da uku yake yi a ciki kullum, yau kwana sittin da uku. Laifinsa, ya ƙi komawa gona ranar da wani ya faɗi saboda zafi. Tun makon jiya ya fara magana da bango."

Takardar ta tsaya cak a hannun tsohuwar. Ta daɗe tana kallon raken da ke ƙetaren titi.

"Babansa ya yi zama a gidan nan," ta ce a hankali. "A lokacin rami ake ce wa wurin. Da rami suka ce mini, ai da na gane." Ta dubi tafin hannunta, ta goge shi a jikin rigarta. "Har albarka na sa wa mai kofin nan."

Ta laluba jaka ta ciro tsohuwar wayarta, ta danna lambar lauyar. Da ta fara ƙara, ta miƙo wa Verna.

"Ki faɗa mata da bakinki, 'yata. Ni in na faɗa, cewa za su yi tsohuwa ce, ba ta fahimta ba."

Daidai nan bas ya iso, ya buɗe ƙofa. Tsohuwar ta yi wa direban hannu ya wuce. Wani bas ɗin sai ƙarfe huɗu.

"Madam Fontenot?" wata murya ta ce daga cikin wayar. "Lafiya dai?"

Verna ta hango Otis a bakin ƙofa yana kallonta, yana girgiza kai. Ta karɓi wayar.

"Ba ita ba ce," ta ce. "Ki nemo biro da takarda. Maganar da tsawo."