Benen da Mudi Ya Gina

Zazzaɓi ya kwantar da ni bayan azahar, ina kan tabarma a inuwar darbejiya, gurmina na jingine a gefe. A rediyon maƙwabta ana ta sako waƙar Mudi. Mudin da ya yi mini amshi shekara da shekaru, wanda ni na koya masa yadda ake ajiye numfashi kafin a ɗauki baiti. Yanzu shi ake kira Legas da Yamai, ni kuwa ina nan Gusau, daga suna sai biki. Na toshe kunne da filo, idona ya yi nauyi.

Sai na ga gurmina ya miƙe a kan ƙafafu dogaye irin na zalɓe.

"Tashi, Tanimu," in ji shi. "Zo mu nemo muryarka."

"Tana maƙogwarona."

"Gwada."

Na buɗe baki, sai ƙaiƙayi ya zubo.

Na bi shi. Hanyar tsirkiya ce ɗaya, an ɗame ta a kan wani kogi da ke gudu da tafi da guɗa maimakon ruwa. Muka sauka a wani gari wanda duk ƙofofinsa a buɗe suke. A kowane zaure akwai rumfar biki da aka watse, kujeru a kife, kuma a tsakiya ga wani ɗan tsako yana kuka da muryata. Wannan zaure na gane shi, bikin sunan ɗan wani dillali ne a Tsafe. Wancan kuma taron wani ɗan takara ne, wanda na wasa da safe, na wasa abokin hamayyarsa da yamma.

"Duk inda ka ce to, ka bar tsako guda," in ji gurmi.

Na durƙusa ina kamo su ina zubawa a riga, suna zurarewa ta hannu. Ban gama ba sai wata inuwa ta rufe garin. Na ɗaga kai. Wani bene ne siriri na jan bulo, ya huda gajimare, can a ƙololuwa kuma ga Mudi cikin farar riga, yana waƙa, tsuntsaye sun jeru suna yi masa amshi.

Na juya wajen gurmi.

"Wa ya ba shi ƙasar bulon nan? Ai ban taɓa jin ya fi ni murya ba!"

"Bai fi ka ba," in ji gurmi. "Sa kunne."

Na kara kunnena a bango. Kowane bulo yana faɗin kalma ɗaya a hankali: a'a. Wani ya ce, "Ni ne bikin da ya ƙi zuwa don yana koyon karin sabuwar waƙa, ran da gidansa ba a ɗora tukunya ba." Na kusa da shi ya ce, "Ni ne mai sutudiyon da ya so ya saye waƙoƙinsa dungurungum." Na sunkuya wajen na ƙasa can, wanda duk ginin ke kansa.

"Kai fa?" na ce.

"Ni ne ranar da ka ce ya zauna tare da kai, ya ƙi."

Na sa farce na fara ƙwaƙule shi. Zafi gare shi kamar an ciro shi daga murhu, fatar hannuna tana toyewa, amma ban saki ba. Benen ya yi girgiza. Tsuntsayen suka watse. Daɗi ya kama ni, wallahi, irin daɗin da ban ji ba tun da yaron nan ya tafi.

Mudi ya leƙo. Fuskarsa ta sauko kusa da tawa, kamar wata a cikin rijiya. Ya ga hannayena biyu a jikin bulon, ya yi murmushi.

"Maigida, ashe kai ne ka tallafe mini? Allah Ya saka. Riƙe da kyau, saura hawa ɗaya."

Bulon ya riga ya fito rabi. In na ja, Mudi ya faɗo. In na tura, ya wuce inda idona ba zai ƙara kai masa ba. Na waiwaya neman gurmi, sai na ga ya koma ƙwarya da fata, ba baki.

"Baban Hajjo! Baban Hajjo!"

Matata Ladidi ce take girgiza kafaɗata. Rigata ta jiƙe sharkaf, yatsuna sun nutse a cikin tabarma.

"Tun ɗazu ake sallama. Wasu ne da mota, wai gobe maigidansu zai buɗe gidan mai, suna son ka je. Me zan ce musu?"

Na dubi tafin hannuna.

"Ce musu ina zuwa."

Ta tsaya, hannunta a kan ƙyaure. "Wanne? Kana zuwa ƙofa, ko kana zuwa gobe?"