Kwana Taran Mai Amalanke

Shagonta yana ƙarƙashin benen da ke kallon tashar bas, tsakanin mai hoto da mai gyaran agogo. Kwamfuta ɗaya, injin fotokofi, firinta mai yin tari kafin ta kama aiki, sai bencin masu jira. Duk layin Anti Sauri ake kiranta, saboda yatsunta. Kana cikin yi mata bayanin takardarka za ka ji firinta ta fara fito da ita. Shekara goma sha ɗaya tana buga takardun neman aiki da ƙorafin 'yan haya da rubutun ɗalibai, har ta kai ba ta sanin abin da take bugawa. Ido ya ɗauka, yatsa ya sauke, hankalinta kuwa yana gida.

Wata Laraba da hantsi wani dattijo ya shigo sanye da shuɗiyar rigar direbobin bas, wadda wanki ya koɗar. Ta san fuskarsa, shi ke jan bas ɗin da ke zuwa har ƙarshen gari, wajen masana'antar tayil. Ya zauna a benci ya jira har wata ɗaliba ta karɓi takardunta ta fita, sannan ya zaro wani littafin rubutu na 'yan makaranta daga aljihu, a nannaɗe.

"'Yata, kina buga irin wannan?"

"In dai rubutu ne ai ana bugawa, Baba. Takardar fansho ce?"

"A'a." Ya sosa ƙeya. "Wani ɗan shirme ne na tsufa. Idona ya fara gajiya, ni da na rubuta ma da ƙyar nake gane hannuna."

Ta buɗe, ta jingina shi da kwamfuta, ta fara. A layi na uku yatsunta suka tsaya cak. Hamadar Gilashi.

Wannan suna ta san shi tun tana 'yar shekara tara, lokacin da ta karye a ƙafa ta yi wata biyu a kwance, yayanta yana zama a bakin gado yana karanta mata Ƙasar Bayan Gajimare. Tsohon littafi ne mai juzu'i uku, marubucinsa ya rasu tun kafin a haife ta. Labarin 'ya'yan wani maƙeri ne su uku, waɗanda suka tafi ƙwato kogin garinsu daga hannun matsafin da ya kulle shi a cikin tulu. Babbansu, Mai Guduma, shi ne gwarzon da kowane yaro ke so ya zama. A juzu'i na biyu sun iso bakin wata hamada da rana ta narkar da yashinta ya zama gilashi, kuma abin da marubucin ya ce kawai shi ne wani mai amalanke ya ƙetarar da su cikin kwana tara. Daga nan babin ya ƙare.

"Baba! Wannan ai mai amalanken nan ne!"

Dattijon ya miƙe zaune sosai. "Kin karanta?"

"Na karanta? Juzu'i na biyun ma sai da bangonsa ya rabu da shi a hannuna."

"To kin gani." Ya matso da bencin. "Layi ɗaya ya ba shi, 'yata. Kwana tara a kan gilashi, da ɓauna mai ƙafa shida, da mutum uku da ba su san gabas ba balle yamma, sai a ce wai ya ƙetarar da su. Ta yaya? Me suka sha? Ban ce marubucin ya yi laifi ba, gwani ne, irinsa ba su da yawa. Amma da gani bai taɓa ɗaukar fasinja ba."

Ranar ba ta yi sauri ba. Shafi shida ya kai ta har azahar, domin tana bugawa tana komawa baya. Mai amalanken na Baba Direba tsoho ne mai ciwon gwiwa, wanda kafin ya tashi sai ya naɗe ƙafafun amalanken da jiƙaƙƙiyar fata don kada gilashi ya yanka su. Yana ɗaure wa ɓaunarsa baƙin ƙyalle a ido saboda ƙyallin rana, ya riƙa yi mata magana a hankali don ta san yana nan. Daga ƙarar gindin amalanken yake gane inda gilashin ya yi kauri da inda rami ke ƙarƙashi. Jaruman nan uku kuwa, waɗanda ta girma tana ganin kamar ba sa taka ƙasa, ga su a bayansa suna gardama a kan wanda zai zauna a gefen inuwa. Ƙaramarsu jiri yana ɗibarta, ba ta so a sani, sai tsohon ya miƙa mata ɓawon lemo ta baya ba tare da ya waiwaya ba.

Abin da ya fi burge ta shi ne bai taɓa komai na littafin ya ɓata ba. Taurarin da marubucin ya ambata suna inda ya ajiye su. Yadda 'yan'uwan ke magana, haka suke magana. Kamar mutum ne ya shiga gidan da ta sani tun tana yarinya, ya buɗe mata wata ƙofa da kullum take wucewa ta gabanta.

Laraba ce ranar hutunsa, don haka duk Laraba sai ya kawo kwana ɗaya na tafiyar. A mako na uku ta gaya masa akwai wani shafi a intanet inda masoyan littafin ke taruwa, kowa ya ɗauki wani lungu na duniyar ya gina nasa labarin a ciki. Wasu sun rubuta ƙuruciyar matsafin, wasu sun aurar da 'yan'uwan, wani ma ya rubuta labarin kifayen da suka zauna a cikin tulun.

"Ke nan ba ni kaɗai ne mahaukacin ba?"

"Ku dubbai ne, Baba."

Ya yi dariya har da tari, ya ce ta saka, amma kada ta rubuta sunansa, kada abokan aiki su samu abin tsokana. Ta saka da laƙabin Mai Bas. Kafin Laraba ta zagayo mutane sun fara magana a ƙarƙashin labarin, ita kuma ta riƙa karanta masa yana sauraro da hula a gwiwa, yana cewa, "Kai, mutane dai."

A kwana na shida ne aka samu matsala. A wannan babi ruwa ya kusa ƙarewa, ƙannen biyu sun yi barci da rana tsaka a ƙarƙashin rumfar amalanke, sai mai amalanken ya hango a cikin gilashin da ke gabansa hoton Mai Guduma yana kuka ba sauti, ya toshe baki da hannu. Sai tsohon ya ɗaga murya yana yi wa ɓaunarsa waƙa har gwarzon ya gama.

Anti Sauri sai da ta tashi ta wanke fuska bayan ta buga wannan. Amma a shafin akwai wani da ake ji da shi, mai laƙabin Ma'ajin Littafi, wanda ya haddace juzu'i ukun kamar sunansa. Ya rubuta dogon sharhi. Ya ce a shafi dubu da ɗari biyu Mai Guduma bai zubar da hawaye ko sau ɗaya ba, ko ranar da aka binne mahaifinsa. Ya ce wanda zai shiga gidan wani ya kamata ya san inda zai taka, kuma wannan raina marubucin ne. Ta so ta tsallake shi, amma Baba Direba ya ga tsawon rubutun a kan allo ya ce ta karanta duka. Ta karanta. Ya jinjina kai, ya sa hularsa, ya ce, "Yana da gaskiya. Masu ilimi sun fi mu sani." Ya fita bai ko tsaya sun gaisa da mai gyaran agogo ba.

Laraba ta zo bai zo ba. Ta biyu ma haka. Tana hango bas ɗinsa yana shiga tasha yana fita, amma ko kallon shagon ba ya yi.

Ranar Alhamis da la'asar ta ja ƙofar shagon ta sa kwaɗo. Mai hoto ya leƙo. "Anti Sauri, lafiya? Ga mutum biyu can suna zuwa da takardu."

"Ka ce musu na tafi hamada."

Ta shiga bas ɗinsa ta zauna a kujerar da ke bayan direba. Ya gan ta a madubi, ya kawar da kai. Suka wuce kasuwa, suka wuce asibiti, suka haye gada, mutane suna sauka ɗaya bayan ɗaya. Ba ta taɓa lura ba sai ranar: duk wanda ya sauka, ba mai kallon fuskarsa. A ƙarshen layi, gaban masana'antar tayil, ya ja birki ya kashe mota. Saura su biyu.

"An iso, Hajiya," ya ce, yana kallon gaba.

"Ni ba nan zan sauka ba. A kwana na shida aka bar ni, ruwa ya kusa ƙarewa."

Ya yi murmushin da bai shirya ba. Ya ɗauki tsumma ya goge sitiyari, ya daɗe yana gogewa.

"'Yata, shekara talatin da ɗaya ina kan wannan kujera. Kin ga madubin nan? Na ga manyan mutane a cikinsa, masu kwat da jaka, sun zauna a kujerar baya sun juya wa taga fuska suna kuka. Da mun iso sai su goge ido su sauka kamar ba su ba. Matansu ba su gani ba, 'ya'yansu ba su gani ba. Ni kaɗai. Shi ya sa na ce, in ma gwarzon nan ya taɓa kuka, to a nan ne, a bayan wanda ba a ɗauke shi mutum ba. Amma wancan malamin ya ce na raina marubucin. Ni da na sayi littafin nan sau uku saboda aro da ba a dawowa da shi."

"Marubucin ya ce bai yi kuka a hamada ba?"

"Bai ce komai ba a kan hamada."

"To ashe ba ka ƙaryata shi ba. Wurin da ya bari ka shiga." Ta zaro wayarta. "Kuma ka tafi ba ka ji abin da sauran masu karatu suka ce ba."

Ta karanta masa. Wata mai shara a asibiti ta rubuta cewa ta karanta babin a lokacin hutunta, ta ce ita ma ta san irin abin da likitoci ke yi a lungu in sun ɗauka ba kowa. Wani ya ce ya koma ya sake karanta juzu'i na biyu, kuma yanzu ya gane dalilin da ya sa Mai Guduma ya fito daga hamadar ya fi sauƙin kai ga ƙannensa. Wata kuma layi ɗaya ta rubuta: don Allah Mai Bas, kada ka bar ɓaunar nan ta mutu.

"Ai ba za ta mutu ba," ya ce da sauri. "Wa ya ce mata za ta mutu? Akwai rijiya a kwana na bakwai, a ƙarƙashin..." Ya harare ta ta madubi. "Ke dai ba ki da dama."

Ya miƙa hannu ƙarƙashin kujerarsa ya jawo littafin rubutun. Ashe bai daina ba, kawowa ce ya daina. Har kwana na tara ya gama, ya kuma ƙara babin da ba ta zata ba: komawar mai amalanken shi kaɗai, amalanke ba kowa, bayan jaruman sun sauka sun yi gaba ba wanda ya tambayi sunansa. Ta karanta shi a hanyarsu ta dawowa, bas yana cika yana raguwa, har ta wuce tashar shagonta ba ta sani ba.

Ma'ajin Littafi bai janye maganarsa ba. Da aka saka babin ƙarshe ya rubuta cewa har yanzu bai yarda da kukan ba, amma zancen jiƙaƙƙiyar fata da baƙin ƙyallen ɓauna ya zauna masa, har ya fara mantawa cewa ba a cikin littafin suke ba. Baba Direba ya sa ta karanta masa wannan sau biyu.

Bayan wata guda wani saƙo ya shigo daga wata mata da ba su san ko daga ina take ba. Ta ce a kwana na huɗu mai amalanken ya ambaci matarsa da ke ɗinka masa fatun ƙafafun amalanke, kuma tun ranar take tunanin yadda matar ke yin kwana goma sha takwas tana jira. Tana neman izinin Mai Bas ta rubuta labarinta.

Dattijon ya dubi Anti Sauri da mamaki. "Ana yin haka? A ɗauki mutumin da na ƙirƙira?"

Ta kwashe da dariya har sai da mai hoto ya leƙo. "Baba, kai wa ka tambaya?"

Ya riƙa murza hularsa, kunya da daɗi suna kokawa a fuskarsa.

"To ki ce mata na yarda. Amma ki gaya mata matar nan ba mai mita ba ce, kuma da hagu take ɗinki. In tana da wata tambaya, Laraba ina nan."