Abokin Baba Ya'u na Amurka

"Ɗaga jawwal ɗin sosai, 'yata, rufin ɗaki kawai yake gani," in ji Baba Ya'u.

Rumasa'u ta gyara riƙon wayar. Ƙofarta na kallon ta Baba Ya'u a benensu na unguwar Misfala a Makka, kuma tun da likitoci suka ce a mayar da shi gida, ita ke dama masa kunu. Yau ko kurɓa bai yi ba, magana ma da ƙyar.

Wani tsoho mai sanƙo da ƙaton tabarau ya bayyana a wayar. Ezra ke nan, Bayahuden da Baba Ya'u ya sani tun yana karatu a Amurka. A lokacin Ezra kan tsaya gaban jama'a a ƙananan gidajen abinci yana ba su dariya, wata rana a tafa masa, wata rana a kore shi da ihu. Ya'u na zaune a baya, in sun fito ya nuna masa inda zancen ya mutu. Daga baya Ezra ya zama marubucin wasannin talabijin, Ya'u kuma ya dawo yana rubuta na watan azumi a Jidda.

Ezra ya faɗi wani abu da Turanci. Baba Ya'u ya ƙyalƙyale da dariya har tari ya sarƙe shi.

"Me ya ce, Baba?"

"Wai in jira shi, likitansa ya ce shi ma ya kusa. Na ce tun muna samari yake makara, ba zan jira ba." Ya share hawaye. "Kin gan shi nan? Ɗan tela ne. Ubansa ya rantse yunwa za ta kashe shi. Wallahi ƙasa guda ta yi dariya da alƙalaminsa. Abokina ne."

Ezra ya matso da fuska, ya ce da gurguwar Hausa, "Malamina. Ya'u malamina."

Rumasa'u ta juya ta kalli Baba Ya'u. Tsohon da take gani kullum yana jan silifa zuwa masallaci!

Washegari bayan la'asar Baba Ya'u ya cika, kalmar shahada a bakinsa. Aka sallace shi a Harami.

Ezra ba shi da hanyar shiga Makka. Amma ranar farko ta zaman makoki, wani ɗan aike ya hawo bene yana haki, ɗauke da faranti na shinkafa da rago sukutum.

"Daga Amurka aka yi odar," in ji shi.

Rumasa'u ta shimfiɗa leda a ƙasa. Maƙwabta suka matso, suka naɗe hannun riga, tururi na tashi a tsakaninsu.