Ɓarawon Itacen Halvard

A kanti Oddvar ya ji maganar: wai maƙwabcinsa, tsoho Halvard, yana yawo da shi a ƙauye cewa shi ke kwashe masa itace. Shi Oddvar ɗin da ya faskara itacen nan da hannunsa tun bazara, ya jera masa a rumfa, ko kofi bai sha ba! Wannan ba ruɗin tsufa ba ne, butulci ne tsagwaronsa.

Ya keta dusar ƙanƙara har gidan, ya banka ƙofa.

"Ga ɓarawon ya zo, tsoho. Faɗa mini ido da ido."

Halvard ko motsi bai yi a kujera ba. "Rabin itacen rumfa ya tafi, sanyi ko rabi bai yi ba. Ƙafa itacen ya yi? Kai kaɗai ke zagawa bayan gidan nan."

Oddvar ya buɗe baki zai wanke shi tas, sai ya ji rurin murhun ƙarfen da ke ɗumama ɗakin. An rufe mashigar iska ruf, amma wuta na ci kamar ta maƙera. Ya sa safar hannu ya buɗe ƙofar murhun. Igiyar da ke zagaye da ita, mai hana iska shiga, ta ƙone ta lotse, wani wajen ma babu ita. Ta nan iska ke kutsawa, wuta na lashe itace ba ƙaƙƙautawa.

"Ga ɓarawonka nan a tsakar ɗaki, kai kake ba shi a baki. Yaushe rabonka da sake igiyar nan?"

Mai saurin zargi dama ba ya duba gidansa.

Oddvar ya koma gida ya ɗauko sabuwar igiya da gam, ya jira ƙarfe ya huce. Ya kankare tsohon gam yana huci, ya shafa sabo, ya kwantar da igiyar a hankali ba tare da ya ja ta ba, don in aka ja sai ta sirance. Ya datse ƙofar murhun.

"Ba wuta sai gobe. Sai gam ya bushe."

"A wannan sanyin? So kake na sandare?"

"Ɗauko bargonka, gidan ɓarawo akwai ɗumi. Amma ta kanti za mu bi. Inda ka ɓata suna, nan za ka wanke shi."

Halvard ya daɗe yana kallon murhun. Sannan ya laluba hularsa.