Jan fenti a bangon Mai Taya

Mai Taya ya dawo daga shago da rana tsaka, ya tarar an zabga wa bangon gidansa jan fenti, rubutu ɓaro-ɓaro: A DAKATA DA AIKI. Ya tsaya sororo, baki buɗe. Can sama, leburorin da ke ɗora masa bene sun ajiye kwanukan siminti, suna zaune a kan bulo suna kaɗa ƙafa.

"Wa ya yi min wannan aika-aika?"

Birkila ya leƙo daga sama. "Mutanen ƙaramar hukuma ne, maigida, ofishin kula da gine-gine. Sun ce ba ka nemi izini ba. Injiniyarsu tana ciki."

Gidan ya daɗe a hannunsa. Daga wajen wasu magada ya saye shi, a ciki ya haifi yawancin 'ya'yansa, a ciki ya ajiye tsohuwarsa, Inna. Da babban ɗansa ya ce zai dawo gida da iyalinsa, sai Mai Taya ya ga babu abin da ya fi ya ɗora bene. Abokai sun ce masa ya kai zane ofis a duba ko tushen ginin zai ɗauka. Ya ce gidansa ne, guminsa ne, ba wanda zai koya masa yadda zai ɗora bulo a kan bulo.

Yanzu kuwa ransa ya ba shi maƙwabcinsa Mai Kemis ne ya kai ƙara, don tun da suka yi cacar baki a kan magudanar ruwa ba su ƙara gaisuwar kirki ba. Ya shiga gida yana huci.

A ɗakin Inna ya sami injiniyar, wata matashiya da hular kwano a ka, ta durƙusa a ƙasa. Inna na zaune bisa gadonta tana kallon ikon Allah. Matarsa, Maman 'Yan Biyu, tana bakin ƙofa ta rungume hannu.

"Sannu da zuwa, Baba," in ji injiniyar.

"Ba sannu ce ta kawo ni ba. Ke yarinya, a garinku haka ake faɗa wa mutane gida?"

"A yi haƙuri, Baba. Maganar izini za mu yi ta a ofis, ba ita ce ta tsayar da ni ba. Tun yaushe ƙofar nan ta daina rufuwa?"

"Damina ce ta kumbura katakon."

"Tun da aka fara ɗora bulo a sama ne," in ji matarsa a hankali.

Injiniyar ta nuna masa wata tsaga da ta taso daga kusurwa ta haura har saman taga. Ta ɗauki kwalbar man zafin Inna ta kwantar a tsakiyar ɗaki. Kwalba ta gangara da kanta, ta shige ƙarƙashin gado. Sai ta shiga ƙwanƙwasa tayil da ƙotar guduma, tana matsawa kaɗan-kaɗan. Daga bakin ƙofa ƙarar a dunƙule take. Da ta isa gindin gado sai ƙasa ta amsa mata kamar ganga.

Fuskarta ta sauya. Ta ja da baya da gwiwoyi.

"Inna, don Allah ki sauko. A hankali. Baba, miƙa mata hannu daga nan, kar ka taka wajen."

"Ni da gadona?" in ji Inna. "Yau na ga abin da ya isa."

Mai Taya ya so ya yi gardama, amma ya dubi idon yarinyar ya ga babu wasa a ciki. Ya miƙa hannu ya janyo uwarsa, suka fito tsakar gida. Aka ɗaura wa gadon igiya aka jawo shi waje. Injiniyar ta sa birkila ya tsaya a bakin ƙofa da dogon rodi, ta ce ya daki wurin.

Bugu na farko tayil ya tsage. Na biyu kuwa ƙasa ta burma, siminti da ruɓaɓɓen katako suka zurma ciki. Aka yi tsit. Can sai suka ji tsulum, ƙarar abu ya faɗa ruwa daga nesa. Wata iska mai sanyi da warin laka ta bugo su.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Birkila ya saki rodin, rodin ma ya bi ramin.

Injiniyar ta kwanta rub da ciki a bakin ƙofa ta haska tocila. "Rijiya ce. Tsohuwar rijiya. Ba a cike ta ba, katako aka shimfiɗa aka zuba siminti a kai. Ga bangon kusurwa can, a leɓenta yake zaune. Shi kuke ta ɗora wa kaya."

Mai Taya bai san lokacin da ya zauna daɓas a ƙasa ba. Ba ya ganin kowa, 'yan biyunsa kawai yake gani, yadda kullum da safe suke tsalle a kan gadon nan, Inna na korarsu da mafici.

Inna ce ta fara samun bakin magana. Ta riƙe haɓa ta ce, "Ashe shi ya sa ɗakin nan yake da sanyi. Ni kuwa ina ta yi wa ƙawayena alfahari da shi."

Ba wanda ya iya dariya.

Da ƙyar Mai Taya ya ce, "Mai Kemis ya so ya cuce ni, ashe rai ya ceto min."

"Ba shi ba ne, Baban 'Yan Biyu," in ji matarsa. "Ni ce na je na kai ƙara. Na yi maka maganar ƙofa, na yi maka maganar tsaga, ka ce mata ba su san gini ba."

Ya ɗaga kai ya dube ta kamar yau ya fara ganinta. Hawaye ne kawai suka zubo masa, gaban leburori da kowa.

A ranar suka kwashe zuwa gidan ƙanwarsa. An sauke bulon da aka ɗora, aka cike rijiyar da duwatsu da ƙasa ana daddanna ta, injiniyar na zuwa tana dubawa. Ta faɗa masa gaskiya cewa tushen gidan ba zai ɗauki bene ba ko da babu rijiya, sai ya haƙura ya kai sabon zane, aka ba shi izinin ɗakuna a bayan gida.

Inna dai ba ta sake yarda da ƙasa ba. Ko a gidan 'yarta, da aka nuna mata ɗakin da za ta kwana, ta toge a bakin ƙofa ta ce sai ɗanta ya shiga tukuna. Haka Mai Taya, da furfurarsa da tumbinsa, ya bi ɗakin kusurwa-kusurwa yana dira da ƙafa biyu, tana tsaye ta kasa kunne.