Keken Hawan Dutse a Garin da Babu Dutse

Daren jiya na yi wani mafarki, irin wanda bai kamata mai furfura ya ba da labarinsa a majalisa ba, shi ya sa na ga gara in rubuta.

Sai na fara faɗin halin da na kwanta a ciki. Ni ɗalibin jami'a ne. Na doshi hamsin, ina da tumbi da iyali, amma ɗalibi ne ni, na karatun ƙarshen mako. Abin da ya kai ni shi ne na gaji da ganin yaran da na koya wa riƙon fayil a ofis suna dawowa da digiri, suna zama a kujerar da nake durƙusa wa. Kwas ɗaya ya tokare min wuya, lissafin ƙididdiga. A bara na faɗi jarrabawarsa. Dokar makaranta kuma, wanda ya sake faɗuwa, ko ya ƙi zuwa, sallama ce. Jarrabawar da safe take.

To, sai na tsinci kaina da hantsi a kasuwar kekuna. Tsarinta irin na kara ne, inda ake sayar da raguna: kowane keke da turkensa, an zuba masa dusa a kwano. Wasu na ci, wasu sun kwanta suna tuƙa. Ba wanda ya gaya min abin da ya kawo ni, na dai sani. A ƙasar nan ba a shiga jami'a da ƙafa.

Dillaliyar wurin wata shamuwa ce, doguwa, ta yafa mayafi ta rataya jaka a fiffike.

"Alhaji, sannu da zuwa. Ɗa za a saya wa ko jika?"

"Ni zan hau," na ce.

Ta dube ni daga hula har takalmi, ta ɗan daɗe a tumbin. Sannan ta ja ni wurin wani baƙin keke irin na malaman firamare na da, mai kariyar ɗaukar kaya da 'yar jakar fata a bayan sirdi. Keken ya miƙe ya gaishe ni, ya tambayi iyali da gajiya.

"Wannan ne daidai da kai," in ji shamuwa. "Ya san hanyar gida, ya san ta masallaci, ya san gidan duk wanda ya rasu a unguwarku. Ta jami'a ce kawai bai sani ba, kuma a shekarunka ba wanda zai ga laifinka."

Na ji raina ya kwanta da baƙin keken, har na kai hannu. Amma can gefe na hango wani kore, mai ƙibabbun tayoyi masu gurzi-gurzi, ga giya a kan giya. Shi bai gaishe ni ba. Bai ma taɓa dusarsa ba, ya kafa kai yana kallon arewa. Na je na duba haƙoran giyarsa kamar yadda ake duba na rago, na matsa taya, na ja birki, na yi dai duk abin da mutum yake yi in yana so a ɗauka ya san abu.

"Na hawan dutse ne," in ji shamuwa. "Gwanjo ne, amma da sauransa. Ni da kaina na tashi na ɗauko shi daga ƙasar sanyi, bayan teku."

"Ai garinmu babu dutse."

"Shi ya sa ba sa zama. Ɓarawo ba ya ɗaukar irinsu, su suke tafiya da kansu. Ka juya baya, sai ka ga sawun taya ya miƙa arewa. Kewa ce, Alhaji. Mu da muke tafiye-tafiye mun san ta."

Na ce shi nake so. Gaskiyar magana, na hango kaina ne a kai ina ratsa 'yan ajinmu, suna cewa ashe Baba da sauransa. A ƙasar ba a ciniki da kuɗi, sai ta karɓi baccin ranata na Asabar, ta linke shi ta sa a jaka. Ta ƙara min da sarƙa da kwaɗo, ta ce kyauta ne, don ta san ba za su yi min amfani ba.

Hanyar jami'a shimfiɗaɗɗiya ce kamar faranti, amma duk sanda na canja giya sai wani ɗan tudu ya taso a ƙarƙashin tayar gaba, in hau shi ina haki, in na sauka ya lotsa ya koma. A bayana wasu mata suna naɗe kwaltar kamar tabarma, suna karkaɗewa, suna cewa in yi sauri za su shanya. Inuwoyin ɗalibai suna wuce ni a guje don su kama wa masu su wurin zama. Tawa inuwar ta ce gwiwa na damunta, in yi gaba za ta biyo ni a adaidaita.

Na iso ƙofar jami'a. Gine-ginen sun bazu a fili suna kiwo, zauren jarrabawar kuma ya kwanta a gindin wata tsamiya. Mai gadi bunsuru ne, da kaki da kulki, yana cin jaridar jiya.

"Baba, ɗanka ka kawo wa keke?"

"Ni ne ɗalibin."

"Allah ya ba da lafiya," ya ce, ya ci gaba da tauna.

Na tambaye shi inda ake ɗaure kekuna. Ya nuna min tsamiyar da gemu. Na zagaya sarƙa na kulle kwaɗo, na ja na ji ya kama. Ban yi nisa ba na waiwaya, sai na ga tsamiyar ta tattare saiwoyinta kamar mace mai tsallake kwata, ta kama hanya, keken na biye da ita. Na bi su na kwance. Na gwada turken fitila, shi ma ya bi bayan tsamiyar.

"A nan komai tafiya yake," in ji bunsuru. "Dubi yadda yara suke yi."

Na duba. Kekunan ɗalibai bibbiyu suke, kowa ya ɗaure nasa a jikin na abokinsa. In wannan ya ja gabas, wancan ya ja yamma, sai su tsaya wuri ɗaya suna hira.

"Wane ne abokinka a ajin?"

Na yi tunani. Kowa a ajin yana gaishe ni, ana tashi a ba ni kujera, in malami ya yi barkwanci ana satar kallona a ga ko na ji haushi. Amma ba wanda ya taɓa aron birona.

"Duk 'ya'yana ne," na ce.

"To ɗaura a ƙafarka."

Haka na shiga zauren jarrabawa, sarƙa ɗaure a idon sawuna, keke na biye da ni. Mai sa ido wata hawainiya ce da tabarau, ido ɗaya a kan maza, ɗaya a kan mata. Na ɗauka za ta kore ni.

"Waya aka hana," ta ce. "Ba a ce komai a kan keke ba. Amma ka ji doka: duk wanda ya tsallake bakin ƙofar can kafin a tashi, ya tsallake ke nan. Ba ya dawowa, ko a mafarki."

Na sami kujera kusa da Rumasa'u, wakiliyar ajinmu, yarinya sa'ar 'yata ta fari, wadda duk bayan lacca take juyowa ta ce, "Baba, ka gane?" ni kuma in ce sarai. Na jingine keken a bango, aka raba takarda. Lambobin da ke kai tururuwa ne. Suna yawo a kan takardar, wasu ɗauke da ɗigo a ka, wasu sun taru a kusurwa suna jana'izar wani sifili. Na riƙe biro ina jiran su natsu.

Can sai Rumasa'u ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Baba, kujerarka tana tafiya."

Na duba, gaskiyarta. Ɗazu kafaɗarmu ɗaya, yanzu ƙeyarta nake gani. Ni da kujera da tebur muna silalewa a hankali, muna yin wajen ƙofa, sarƙar ta miƙe ta yi tsam. Ban ko tsaya dubawa ba, na san aikin keken ne, kewar dutsensa ta motsa. Na dafe tebur, tebur ya bi ni. Na kama ƙafar kujerar wani yaro, ya ce, "Yi haƙuri Baba," ya cire hannuna da ladabi ya ci gaba da rubutu.

Na auna abin a raina. Keke dai an sha wuya kafin a same shi, baccin Asabar ba ƙaramin abu ba ne. Amma in na bar shi ya fitar da ni daga zauren nan, shi ke nan, Litinin in koma ofis in ci gaba da durƙusa wa yara har ritaya. Na ciro makulli daga aljihu. Har 'yar nasiha na yi masa, na ce ya je Allah ya kiyaye hanya, ya gaida ƙasar sanyi, ban riƙe shi da komai ba. Na buɗe kwaɗon, sarƙa ta zube ƙasa.

Keken bai motsa ba. Ni ne na ci gaba da silalewa wajen ƙofa, da gudu ma, kamar an zuba kuɓewa a siminti.

Da na waiwaya na ga bakin ƙofa, ba filin jami'a ba ne a waje. Ƙofar gidana ce, da la'asar. An share gindin darbejiya an shimfiɗa tabarma, ga filona, ga buta, ga shayi yana tururi. 'Yan majalisarmu suna zaune, sun bar min gurbina. Iska mai daɗi tana shigowa.

"Malam Shitu, taho mana," in ji Ɗanliti tela. "Da ma mun ce karatu bayan furfura wahalar da kai ne. Ga wurinka nan ba wanda ya zauna."

"Ba wanda zai yi maka dariya," in ji wani. "Yau dai."

Wallahi wurin ya yi kyau. Na ji ƙafafuna suna murna, yatsun har rige-rige suke. Na kalli siminti, sai na ga baƙin layi biyu tun daga inda na jingine keken, shaidar taya da aka ja da ƙarfi. Birkinsa duka biyu a damƙe suke, har suna hayaƙi.

"Baba," in ji Rumasa'u, ba ta ko ɗago kai daga takardarta ba, "ai tun ɗazu shi yake riƙe da kai."

Dugadugaina sun kusa taɓa bakin ƙofa. Na miƙa hannu na cafko bakin sarƙar, na naɗa a ƙugu, na cilla ɗaya bakin cikin zaure. Ban iya cilli ba, tun ina yaro, sai ya faɗi a kan teburin Rumasa'u ya watsa mata tururuwa.

"'Yata, taimaka ki kulle min a jikinsa."

"Sai ka faɗi gaskiya tukuna. Ka gane abin da aka koyar?"

Hawainiya ta juyo da idanunta duka biyu kaina, abin da aka ce ba ta taɓa yi wa kowa ba.

"Rabi," na ce. "Rabin ma da ƙyar."

"Ai mu ma haka," in ji Rumasa'u. Ta tashi ta zagaya sarƙar a jikin keken, ta danna kwaɗo. Makullin yana hannuna ina tunanin inda zan ɓoye wa kaina shi, sai hawainiya ta zaro harshe daga can gaban zaure ta lashe shi ta haɗiye.

"Ka zo ofis bayan digiri," ta ce.

Keken ya fara ja da baya, a giya mafi nauyi, yana nishi. Ni da kujera da tebur muka bi shi kaɗan-kaɗan, muryar Ɗanliti tana yin nisa, ƙamshin shayin ma ya tafi, wanda shi ya fi yi min ciwo. Ya mayar da ni gurbina kusa da Rumasa'u, ya tsaya yana ɗigar da gumi ta sirdi. Kunya ta kama ni.

"Dutsenka fa?" na tambaye shi.

Ya yi magana a karon farko, da wata Hausa mai sanyi-sanyi, irin ta wanda ya koya a littafi.

"Tun da aka ƙera ni ban hau abin da ya kai ka wuya ba. Zan zauna."

Na ɗauki biro. Tururuwan suka dube ni, suka dubi sarƙar, suka ga ba inda za ni, sai suka fara shiga layi. Ba dukansu ba, kamar rabi. Na fara rubutu, biron yana ƙara a kan takarda, ƙarar-ƙarar, ƙarar-ƙarar, tana ƙaruwa har ta cika zauren.

Na buɗe ido. Lantana matata ce a tsakar gida take kankare ƙanzon tukunya da cokali. Gari ya waye sarai. Ta ji motsina ta leƙo, cokalin a hannu.

"Malam, ka tashi? Na ga jiya kana ta cewa bayanka ya riƙe, da wuya ka iya fita yau. In dama maka kunu ka koma ka kwanta?"

Na taɓa bayan. Lafiyarsa ƙalau, kamar yadda yake jiya ma.

"Sa min ruwan wanka," na ce. "Kuma in na fita ki sa sakata. Ko kin ji ina sallama kafin azahar, kar ki buɗe."