Motar Mai Sayar da Furanni

Ni dai tun ina yarinya na yarda da takarda. Shekara ashirin da bakwai na yi ina buga wasiƙu a wani ofis a Diffa, har ta kai in na ga hatimi a ƙasan shafi sai in ji hankalina ya kwanta. Shi ya sa duk unguwarmu, wanda aka kawo wa rubutun Faransanci, gidan Rukayya sakatare yake nufa. Ban taɓa ƙi ba, kuma ban taɓa yin shiru da baki ba in mutum ya nemi ya yi gardama da abin da ke rubuce.

Ranar wata Laraba, lokacin kaka, kogin Komadugu ya cika har bakin gonaki, sai ga maƙwabciyata Kubura da mayafinta a kafaɗa. Ƙungiyarsu ta mata masu tattasai za ta sayi motar ɗaukar kaya, don su daina jiran direbobin Shetimari da ba sa tashi sai sun ga dama. Ita aka wakilta ta je ta duba, ni kuma in karanta mata takardu.

Kubura mutuniyar Barwa ce, gudun ƴan bindiga ya kawo su Diffa shekara goma da suka wuce. A ranar gudun, yayanta Mala ya sauke su a bakin kwalta, ita da mahaifiyarsu Ya Gana, ya juya da farar motarsa ta dakon bandar kifi don ya kwaso sauran mutane. Har yau bai dawo ba. Babu wanda ya ga gawarsa, babu wanda ya gan shi da rai. Liman ya zo sau uku yana lallashin Ya Gana a yi masa sadaka, tsohuwar ta ce ba a yi wa mai rai sadakar mutuwa. Ita kuwa Kubura, ba a yi farar mota ta wuce ba tare da ta juya wuya ba, ko tana tsakiyar ciniki ne. Abin da take so a duniya ɗaya ne, ta san ko Mala yana raye.

Filin motocin yana kan hanyar Zinder. Dillalin, Muntari, ya tarye mu da hular da ta fi ƙarfin kansa da wani turare mai sa atishawa.

"Hajiyoyi, kun zo a sa'a," in ji shi. "Wannan shuɗiyar shekaranjiya ta fito daga duwan, wajen ƴan kwastan. Ba irin motocin proje na ƙungiyoyin agaji ba ce da aka kashe a yashi. Wala, ga rapor ɗinta, takardar bayaninta, daga intanet aka ciro shi da lambar shasi. Tarihinta ne kaf, tun ranar da aka ƙera ta."

Ya miƙo mini shafi biyar masu santsi. Na zauna a benci ƙarƙashin dogonyaro, na gyara tabarau, na fara karantawa ina fassara. An sayi motar sabuwa a wani ƙaramin gari na Beljiyom. Mutum ɗaya ne ya taɓa mallakarta, mai sayar da furanni. Ba ta taɓa haɗari ba, ba a taɓa sace ta ba, ruwa bai taɓa cinye ta ba. Duk shekara a wata ɗaya yake kai ta garaji, an jera ranakun ɗaya bayan ɗaya.

Ban san lokacin da na bar Diffa ba. Sai na gan ni a wani titi mai jiƙaƙƙen dutse, yayyafi yana sauka a hankali, wani dattijo mai ƙaton gashin baki yana jera tukwanen furanni a bayan motar, jajaye da farare, yana yi musu magana ƙasa-ƙasa. Matarsa tana leƙowa ta taga da kofin shayi. Na ji sanyin garin a fatata, na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Har tausayin motar na ji, da za ta bar wannan hutu ta zo ta ɗauki buhunan tattasai masu sa mutum kuka. Ban taɓa wuce Yamai ba, amma wallahi na san garin nan, har karen maƙwabcinsa na gani.

Da na ɗago kai, Kubura ba ta saurare na. Tana tsaye a bayan motar, rana tsaka, ta dafa ƙarfen da tafin hannu, idonta a rufe.

"Rukayya," ta ce, "zo ki ji."

"In ji mi?"

"Kifi. In rana ta dake ta, warin banda yana fitowa ta ƙarƙashin fenti."

Na je na sunkuya. Fenti na ji, da man gas, sai turaren Muntari da ya bi mu har nan. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na kaɗa mata takardun a fuska, na ce motar Mala fara ce, wannan shuɗiya. Ta Mala ta tsufa a hanyar tabki, wannan furanni ta sani. Na ce mata ta ji tsoron Allah ta bar kanta ta huta. Na faɗi haka da zafi, don ina sonta, kuma na gaji da ganin wuyanta yana bin motocin mutane.

Ba ta yi mini musu ba. Ta juya wajen dillali ta ce, "Malam Muntari, kafin mu yi magana, Ba Abatcha zai gan ta."

Muntari ya yi dariya, ya ce ko likitan Faransa za a kawo, bismilla. Ina jin shi ma da takardar ya saye ta, kuma ya yarda da ita kamar yadda na yarda.

Ba Abatcha tsohon makaniki ne, garajinsa inuwar wata tsamiya ce can kusa da kogi. Daga nan kana hango ruwa yana tafiya a hankali, da shanyar tattasai ja wur a kan tudu. Na miƙa masa rapor, ya karɓa da hannu biyu saboda ladabi, ya ajiye a kan taya ya ɗora dutse don kada iska ta ɗauka. Bai karanta ko layi ɗaya ba. Daga aljihu ya ciro mayen ƙarfe na cikin tsohuwar rediyo, ya naɗe shi a tsumma don kada ya karce fenti.

"Wannan fa?" na tambaye shi, ina jin haushin yadda ya yi da takardata.

"Malama, inda ƙarfe yake, zai kama. Inda aka cike rami da mastik aka shafa fenti, zai saki. Shi ke nan karatuna."

Ya fara daga hancin motar, yana jan tsumman a jikinta sannu-sannu, kansa a karkace kamar mai sauraron ciki. Wani mai kwalekwale ya wuce yana tura gora, tsuntsaye farare suka tashi suka sake sauka. Barci-barci ya fara ɗibata, dattijon furanni ya dawo mini, yanzu yana tafiya a kan ruwan Komadugu da tukunya a hannu, ƙafarsa ba ta jiƙewa. Ina kallonsa sai na ji ƙwas, mayen ƙarfen ya faɗi a ƙasa.

A ƙofar direba ne. Ba Abatcha ya ɗauka, ya kaɗe yashi, ya mayar, ya matsa kaɗan. Mayen ƙarfen ya sake faɗuwa. Ya matsa ƙasa da kamu ɗaya, ya faɗi na uku. Kowane wuri bai fi bakin kofin shayi faɗi ba. Tsohon ya kwanta ya shige ƙarƙashin motar da tocila, ya daɗe. Da ya fito, ni ya kalla.

"Malama, takardarki ba ta yi ƙarya ba. Akwai mota mai wannan lamba, kuma ina jin ta yi zaman lafiyarta yadda aka rubuta. Amma an yanko lambar ne daga jikinta aka yi walda a nan. Ga ɗinkin, ko makaho ya shafa zai ji." Ya sa farce a gefen murfin tanki ya ɗan kankare. Ƙarƙashin shuɗin, fari ne.

Muntari ya cire hula ya riƙe, yana ta salati. Ni kuwa kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona.

Kubura ta matso. "Ba Abatcha, ɗaga robar da ke ƙarƙashin kujerar direba. Ranar da yayana ya sayi motarsa, ya sa kurfi ya sassaƙa shaidar shanun babanmu a wurin, ƙafar kaza da zane biyu a gefe. Ya ce dabbar gida ba ta yawo babu shaida."

Tsohon ya ɗaga robar, ya goge ƙasa da tsumma, ya ja da baya don ta gani da idonta. Ni ma na leƙa. Tana nan, ƙafar kaza da zane biyu, tsatsa ta cika ramukan.

Kubura ta shiga ta zauna a kujerar, ta jawo ƙofar ta rufe. Ta dubi inda wuraren nan uku suka faɗo daga ciki: ɗaya daidai kafaɗarta, biyu daidai haƙarƙari.

"Harsasan daga waje suka shigo?" ta tambaya.

"Daga waje, ƴata."

"Mutum zai tashi?"

Ba Abatcha ya sunkuyar da kai. "Allah ne mai iko. Amma na gyara irin waɗannan ƙofofi da yawa a shekarun nan, ban taɓa ganin mai motar ya zo karɓa da kansa ba."

Na fashe da kuka, ni da na zo karatu. Ita ba ta yi ba. Ta fito ta roƙi Muntari aron motar na awa ɗaya, ya ce ta riƙe har gobe. Ba Abatcha ya tuƙa, muka bi ta gefen gonaki, jan tattasai yana wucewa ta taga. Ni ina ta shirya kalmomin da za a fara gaya wa tsohuwa, ina zubarwa ina sake ɗauka.

Ba mu sami damar faɗin ko ɗaya ba. Ya Gana tana zaune a ƙofar gida kan tabarma, idanunta sun daɗe da yin hazo, ba ta tashi sai an kama ta. Muna karyo kwanar layin, tun motar ba ta tsaya ba, na ga ta ɗaga kai. Ta dafa bango ta miƙe da kanta, zanenta yana zamewa, fuskarta ta yi haske irin wanda ban taɓa gani a kanta ba.

"Ku kawo ruwa," take kira cikin gida. "Ku kawo ruwa mai sanyi, Mala ya iso. Na ji kukan motarsa."

Ba Abatcha ya kashe inji, ya kifa goshinsa a kan sitiyari. Kubura ta sauka ta je ta kama hannun uwarta, ta jawo ta a hankali har jikin ƙofar direba. Ta ɗora yatsun tsohuwar a wuri na farko, sannan na biyu, sannan na uku, tana yi mata magana da Barbarci can ƙasa, yadda ba na ji.

Ya Gana ta daɗe tana shafa ƙofar. An fito da ruwan a kwanon sha, ta karɓa, ta tsaya riƙe da shi ba ta san wanda za ta ba ba. Can ta miƙa wa Ba Abatcha ta taga, ta ce ya sha, ya yi tafiya mai nisa da motar ɗanta. Sannan ta juya wajen Kubura ta ce, "Aika a kira mini Liman."